Kyanwar da ta ƙi zama ta gida

Ba ni na je neman kyanwa ba, ita ta same mu. A farkon 2022 rusau ya iso unguwarmu ta Sabil a Jidda, aka fesa jan fenti a bangon gidan da muka yi shekara goma sha tara a ciki, muka kwashe komatsanmu muka koma wata imara, wato gidan bene na haya, a gabashin gari. Hawan ƙasa muka samu, da ɗan tsakar gida a baya inda ake shanya, ga tankin ruwa a kusurwa. Ba mu yi mako da tarewa ba na ga wata mage mai ruwan toka a kan katanga, haƙarƙarinta a waje kamar a ƙirga. Surukata Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan ma korarriya ce irinmu." Tun ranar sunanta ya zama 'Yar Rusau.

Maigidana a shagon tsire yake aiki, tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka ara suke kira siriya, saboda haka kullum dare yakan shigo da guntattakin nama da jijiya waɗanda ba su hau tsinke ba. Sai in tafasa, in zuba a wani tsohon murfin tukunya, in ajiye gindin katanga in koma ciki. Jidda garin kyanwoyi ne. Duk durom ɗin shara da ka wuce akwai biyu ko uku a gindinsa. Larabawan nan bissa suke ce musu, Hajiya kuwa kadisa take cewa, kalmar da ta tsinto a Sudan tana yarinya, lokacin da iyayenta suka yi shekaru a hanya kafin su haye teku daga Sawakin. Kowa yana jefa musu abinci, ba wanda ya ɗauke su nasa. Ni ma haka na ɗauki abin: sadaka ce, lada nake nema.

Lissafi ne ban yi ba. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kwana 63 zuwa 65. Tana iya ɗaukar wani cikin tun 'ya'ya ba su bar nono ba, 'yar da ta haifa kuma da ta kai wata biyar ko shida ita ma ta bi sahu. Yunwa ce da ma take taka musu birki, ni kuwa na cire yunwar.

Haihuwar farko huɗu ta yi, biyu suka rayu, duka mata. Ta biyun ce ta tsaya mini a rai. A cikin wani kwali ta haihu ƙarƙashin matakalar baya, guda biyar, ko idonsu bai gama buɗewa ba sai ga ruwan ranar Alhamis 24 ga Nuwamba 2022. Wanda yake Jidda ranar ba sai an ba shi labari ba: milimita 179 cikin awa shida a kudancin gari, makarantu a rufe, motoci na yawo a kan ruwa kamar kwale-kwale. Muna ta kwasar ruwa daga ɗaki da bokiti da tsumma, ban tuna da kwalin ba sai bayan la'asar. Ta samu ta ɗauke biyu ta haye da su kan akwatin mukayyif. Sauran ukun na tarar da su cikin kwalin da ya riga ya zama kunu.

Kafin watan Sha'aban mun ƙirga goma sha ɗaya, har da baƙin da ƙamshin nama ya jawo. Cikinsu akwai wani muzuru mai ƙaton kai da yagaggen kunne, yara suka sa masa Askar, don da ya sauko layin kowa sai ya watse. Dare ya zama na faɗa da kuka, irin kukan nan da za ka rantse jariri aka yar. Fitsarin muzuru kuwa, wanda ya taɓa shaƙarsa a matakalar bene da zafin Jidda ya san ba turaren wutar da ke kashe shi. Haris ɗin imarar, wato mai gadi, ya same ni a ƙofa, ya rage murya ya ce mutanen sama sun gaji, har wani ya fara zancen guba. Bayan kwana uku muka wayi gari da ɗaya daga cikin 'yan haihuwar farko a sanƙare kusa da durom, kumfa a baki. Ban ga hannun kowa ba, ban kuma tuhumi kowa ba, amma na san wadda ta tara su a wurin.

'Yata ta fari, da ke sakandare lokacin, ita ta nemo wasu mata masu aikin sa-kai a Instagram. Ɗayarsu ta zo da yamma da tarko a bayan mota. Ta tsaya ta ƙirga su da yatsa, ta ce in na daina ba su abinci ba tafiya za su yi ba, bola za su koma su ci gaba da haihuwa da yunwa. In kuma aka kwashe su aka zubar a wata unguwa, yawancinsu mutuwa za su yi, wasu kuma su zo su cike gurbin tunda durom na nan. Abin da ke aiki shi ne a kama su ɗaya bayan ɗaya, likitan dabbobi ya fiɗiye mazan ya cire wa matan mahaifa, a mayar da kowa inda aka ɗauko shi.

Hajiya ta ce ba a gidanta ba. "Ku canza halittar Allah don maƙwabta sun yi tsaki?" Maigida ya kai maganar wurin limamin masallacinmu, ya dawo da cewa Shaihu Ibn Usaimin ya yi fatawa a kai: in kyanwoyi suka yi yawa suna damun mutane, aikin kuma ba zai cutar da su ba, babu laifi, don ya fi a bari a haife su sannan a kashe. Hajiya ta ja carbinta ta ce, "To, ku da malamanku."

Tarkon keji ne na waya, tsawonsa kusan kamu biyu, ƙofa a gaba, can ciki kuma akwai wani faifan ƙarfe a ƙasa wanda da ta taka ƙofar za ta faɗo. Kuskurena na farko shi ne lokacin da na zaɓa. Azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris, na ce ai ga dama, tunda ba barcin dare muke yi ba. Ashe a watan azumi kyanwar Jidda ta fi mai gida ƙoshi. Ragowar kabsa da sambusa da ƙashin kaza, tire-tire ake ajiyewa a gindin durom bayan buɗa-baki. Wa zai shiga kejin ƙarfe don cokali ɗaya na kifin gwangwani? Dare goma ina zaune a kujerar roba, abin da na kama ɗaya ne tak, wani matashi da muke kira Acici. Aka yi masa aiki aka sake shi, bayan kwana huɗu ya sake shiga. A nan na gane amfanin yanke kan kunne. Yayin da kyanwa take cikin maganin barci likita yakan datse tsinin kunnenta na hagu, kamar santimita ɗaya, don duk wanda ya hango ta daga nesa ya san an gama da ita. Ba don wannan alamar ba da na biya kuɗin Acici sau biyu.

Bayan Sallah, da durom ya koma yadda yake, na sake shiri yadda matar nan ta koya mini. Na tsayar da lokacin abinci guda, bayan sallar Asuba, in ɗauke murfin bayan rabin awa ko an cinye ko ba a cinye ba. Na ɗaure ƙofar tarkon da igiya don kada ta faɗo, na shimfiɗa kwali a ƙasansa saboda ba sa son taka waya, na fara ajiye abincin a bakinsa, gobe in tura ciki kaɗan, jibi in ƙara, har suka saba shiga can ƙurya su ci su fito lafiya. Sai na kira asibitin dabbobi na karɓi rana, don ba a kamawa sai an san inda za a kai. Ana gobe kamu na hana su abinci yini guda, ruwa kawai na bari. Da Asuba na kwance igiyar.

Ƙarar faɗuwar ƙofar nan har yanzu tana kunnena. Kyanwar ta haukace, tana dukan waya da kai da ƙafa, hancinta ya fashe. Wallahi hannuna ya kai kan ƙofar zan buɗe, sai 'yata ta ce, "Umma, zanen!" Ta jefa tsohon zanen da muka tanada ta lulluɓe kejin ruf. Kamar an ɗauke wuta. Kyanwa in ta samu duhu sai ta ɗauka ta ɓuya, ta lafa. Daga nan sai mota, da leda da tsofaffin jaridu a kan kujera don fitsari, mukayyif a kunne. A garin nan kejin ƙarfe a rana tanda ne, ko na minti kaɗan ba a barin dabba a ciki.

A asibiti ba a fito da su ido biyu. Ta tsakanin waya ake yi musu allurar barci, sannan a yi aikin, a haɗa da rigakafin haukan kare da maganin ƙuma da tsutsar ciki. Namiji kwana ɗaya yake yi a keji a sake shi. Mace, da yake ciki ake buɗewa, kwana biyu zuwa uku, da zaren da ke narkewa da kansa, kuɗinta kuma ya fi na namiji nesa. Matan nan suka ɗauki wani kaso, sauran daga kuɗin adashina ya fita. Askar ya ƙi kifi ya ƙi nama, sai da maigida ya shigo da kazar Albaik mai zafi, na cire fata da ƙashi na yayyaga. Ko minti biyar bai yi ba. Likita ya tarar da ƙurji cike da ruwa a kumatunsa, tabon faɗa, ya wanke masa. Kukan dare da warin fitsari ba a rana ɗaya suka tafi ba, sai da aka ɗauki makonni, amma sun tafi.

Wauta ta biyu da hannuna na yi ta. Wata 'yar wata shida ta shigo kicin, na ce wannan ai kullum a gabana take ci, me zai sa in jira tarko. Na cafke ta, ta gantsara mini cizo a hannu. Haƙorin kyanwa kamar allura yake, ramin ƙarami amma mai zurfi, bakinsa ya rufe ƙwayar cuta ta zauna a ciki. Na tsaya a famfo ina wankewa da sabulu minti goma sha biyar, na tafi asibiti, aka yi mini allurar tetanus, aka ɗora ni a kan alluran haukan kare da ƙwayoyin kashe cuta. Duk da haka hannun ya kumbura kamar burodin samuli, mako guda ban iya tuƙa tuwo ba.

Ita kuwa 'Yar Rusau tana kan katanga tana kallon komai. Ta ga an kama 'ya'yanta da jikokinta da Askar, ko sau ɗaya ba ta sa ƙafa a kejin ba, da yunwa da ƙoshi. A watan Mayu ta sake haihuwa, huɗu, a bayan tanki. Matar nan ta ce kada in kuskura in kama mai shayarwa yanzu, 'ya'yan za su mutu. In jira su fara cin abinci da kansu, wajen mako biyar. Amma kada in wuce haka da yawa, don ɗan kyanwa tsakanin mako biyu da mako bakwai yake koyon ko mutum abin yarda ne ko abin gudu. In wannan ƙofar ta rufe, buɗe ta sai an sha wuya.

Da suka cika mako biyar na faki ta tafi durom, na sa tawul na kwashe su. Kowanne bai fi tafin hannu ba, amma sai huci suke suna tofar da yawu kamar kububuwa. Abin da na yi bayan nan shi ne mafi nauyi a duk aikin. Na sa su a ƙaramin kwandon roba mai ƙofa, na manna shi a ƙarshen tarkon, na rufe duka da bargo sai bakin tarkon kaɗai na bari, yadda ba ta da hanyar ganin su sai ta ciki. Suna kuka tana amsawa. Ta zagaya bargon ya fi sau talatin, ta haƙa ƙasa, ta hau sama, ta zo bakin ƙofar ta tsaya ta ja da baya. Ta san ko menene, ta gani da idonta sau goma. Hajiya na taga ta ce, "'Yar nan, ki ji tsoron Allah, uwa ce fa." Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, saura kaɗan." Kusan awa biyu, gari ya fara haske, ta sunkuyar da kai ta shiga.

Da aka dawo da ita daga asibiti na ajiye kejin a banɗakin baƙi. Da dare na tarar da Hajiya tana daka ɓarin Panadol a cokali, wai baiwar Allah tana jin zafi. Allah ya sa likita ya riga ya ja mini kunne: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan maganin, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini, ni kuwa da can har ragowar miya nakan zuba musu.

'Ya'yan a sito na ajiye su, cikin babban keji, da kwalin ɓuya da tiren yashi. Yashin ba wanda ya koya musu, da kansu suka hau. Kwana biyun farko ban taɓa su ba. Bayan nan dokar ɗaya ce: abinci ba ya zuwa sai tare da ni. In zauna a ƙasa, don wanda ya tsaya a kansu shaho ne a wurinsu, in miƙa dakakkiyar kaza a cokali mai dogon hannu. Kwana uku a cokali, sannan a yatsa. Suna ci ina shafa bayan wuyansu, ta baya, ba ta gaban fuska ba. Ba a zuba musu ido, sai dai a lumshe a hankali a kau da kai. Nakan kira ƙanwata ta Kano a waya mu yi ta hira a wurin, don su saba da muryar mutum, har ta fara tambayata lafiyar 'yan sito kafin ta tambayi yara. Wanda ya fi tsoro nakan naɗe shi a tawul kamar jariri, kai kawai a waje, in rungume shi a ƙirji minti kaɗan in mayar.

Wahalhalun ƙanana ne amma ba sa ƙarewa. Madarar shanu da Hajiya ta ba su a ɓoye ta sa su gudawa. Idanunsu na kwantsa, kullum sai auduga da ruwan ɗumi da maganin ɗigawa. Ƙuma da mataji na bi ta, don feshin sauro na kanti guba ne gare su. Sai ga wani zagayayyen tabo a hannun 'yata: makero, daga wurinsu ta ɗauka. Makonni muka yi muna shafa magani, mutum da dabba, ina goge siton da Clorox da aka tsarma da ruwa, tunda Dettol ma ba ya yi musu. Suna mako takwas aka yi musu rigakafin farko, aka maimaita bayan mako uku.

A kwana na tara wata mai ɗige-ɗige ta hau cinyata da kanta, ta kwanta, na ji wannan ƙarar ta maƙoshi kamar keken ɗinki daga nesa. Hajiya ta ce wuridi take yi. Uku sun saba cikin mako biyu, 'yan'uwanmu na Makka da ke Shara Mansur suka karɓi biyu, abokin aikin maigida ya ɗauki ɗaya. Na huɗun baƙi ne wuluk, wata guda ya ɗauka kafin ya yarda da hannu, kuma duk wanda na yi wa tayi sai ya ce a'a, baƙar kyanwa ba a san ko wace ce ba. Yana nan a gidanmu, a kan sallayar Hajiya yake barci.

Da na ga yadda 'ya'yan suka yi laushi sai kwaɗayi ya kama ni. Kwana uku ya kamata uwar ta yi, na riƙe ta kwana goma sha takwas. Na sake ta a cikin banɗakin, ta shige bayan injin wanki. Duk dabarar da ta yi aiki a sito na kawo: cokali, zaman ƙasa, lumshe ido, hira. In na shiga sai ta kwantar da kunnuwa ta manne da bango, ba cizo ba yaƙushi, amma ba irin na kyanwar Lami ba, na wadda ta fid da rai ne. Abinci sai tsakar dare take taɓawa. Ta rame fiye da ranar da na fara ganinta, gashinta ya fara zuba, ta yage ragar taga har farcenta ya yi jini.

Hajiya ce ta kira ni ɗakinta bayan Isha. Ta ce, "'Yar nan, matar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa, laifi biyu ta yi. Ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ke kin ciyar, na shaida. Saura ɗayan." Ban ce komai ba. Da Asuba na lallaɓa ta cikin keji, na kai gindin katangar da na fara ganinta, na juya ƙofar wajen layi na ɗaga. Ta yi ɗan jim, sannan ta fita kamar an harba kibiya. Kwana tara ban ga ko inuwarta ba, kullum in leƙa ƙarƙashin motoci. A na goma na fito da murfin tukunya na same ta a kan tanki tana lasar ƙafa.

Yanzu bakwai ke zuwa cin abinci, duk da guntun kunnen hagu, kuma tun Mayun 2023 ba a sake haihuwa a tsakar gidan nan ba. Ruwa nake canza musu sau biyu a yini in zafi ya tsananta, in wanke wurin kafin mutanen sama su sauko. Haris ya daina rage murya in zai gaishe ni. 'Yar Rusau ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. In na ajiye abinci na ja da baya taku uku za ta sauko ta ci. In taku biyu ne, tana kan katanga.

Shekaranjiya Hajiya ta ƙwala mini kira daga taga, wai in zo in ga baƙuwa. Wata ja ce, kunnuwanta biyu cif, ta raɓe gefe tana jiran sauran su gama. Hajiya ta ce in kira matar nan ta kawo kejinta. Na duba da kyau na ga nonuwanta a cike suke, ke nan akwai 'ya'ya a wani wuri, kuma sai na san makonsu nawa kafin in ɗana komai. Tun jiya nake bin ta da ido in ta gama ci. Ta bayan shagon mai wanki take shigewa.